Ma'anar daɗewar amo a zauren wasan kwaikwayo

Ka shiga zauren wasa lokacin da babu kowa, ka tafa hannu sau ɗaya, ka kasa kunne. Tafin ya ƙare, amma sautinsa na ta kai-komo tsakanin bango da rufi har ya dushe. Wannan jelar da sauti ke bari ita ce daɗewar amo. Da daƙiƙa ake auna ta, wato lokacin da sauti ke ɗauka kafin ƙarfinsa ya ragu da desibel 60 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) bayan an tsayar da shi.

Ita da amsa-kuwwa uwarsu ɗaya, amma kowacce da halinta. Sauti na cin kusan mita 343 a daƙiƙa. Idan bango ya yi nisan mita 17, muryarka za ta je ta dawo bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kunne ya ji ta daban kamar wani ne ya maimaita. Wannan ce amsa-kuwwa. A daɗewar amo kuwa, sautukan da ke dawowa suna da yawa, suna bin juna kut-da-kut har kunne ya kasa rarrabe su.

Wallace Sabine, malamin fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, shi ya fara auna abin. A 1895 aka ba shi wani ɗakin lacca da kalma ke daɗewa fiye da daƙiƙa 5 a cikinsa. Da dare yakan kwaso matasan kujeru daga wani zaure, ya shimfiɗa, ya sake aunawa da agogo. Ya gano cewa girman ɗaki na tsawaita amo, kaya masu laushi kuma suna shanye shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin ɗora wa lasifika laifi idan ba a jin magana sosai a zaure, alhali sau da yawa daɗewar amo ce. Wasali dogo ne mai ƙarfi, baƙi irin su t da k gajeru ne. Idan amo ya daɗe, jelar wasali sai ta binne baƙin da ke biye, ɗan kallo ya rasa "tara" aka ce ko "kara". Ƙara murya ba ya magani, domin jelar ma ƙaruwa take yi. Magana na son daɗewar amo ta kusan daƙiƙa 1, kiɗan babbar ƙungiyar makaɗa kusan 2. Labule mai kauri na rage amo, haka ma jikin mutane da tufafinsu, shi ya sa zauren da aka yi gwaji a cikinsa babu kowa yakan sauya murya ranar da ya cika.