Tambayoyi da Amsoshi Kan Takwarorin da Halinsu Ya Sha Bamban

Ana maimaita mini waɗannan tambayoyi har na gaji da amsa su ɗaya bayan ɗaya, saboda haka na tattara su wuri guda.

Shin suna ɗaya yana nuna dangantaka?

A'a. Muhammad Ali, ɗan damben Amurka da ya ɗauki wannan suna a 1964, ba ɗan'uwan Muhammad Ali Pasha ba ne, wanda ya mulki Masar daga 1805, haka kuma ba shi da alaƙar jini da Muhammad Ali Jinnah da ya jagoranci kafa Pakistan a 1947.

In sauya wa ɗana suna saboda wani mugu yana amsa irinsa?

Kada ka yi. Sahabi Usama bin Zaid ya amsa wannan suna ƙarnoni da yawa kafin a haifi Usama bin Laden. Muhammad Yusuf da ya kafa Boko Haram takwaran Muhammadu Dikko (M. D.) Yusuf ne, Sufeto Janar na 'yan sandan Najeriya daga 1975 zuwa 1979, kuma laifin na farko bai taɓa mutuncin na biyun ba. Ka kwantar da hankalinka.

Sunana ya yi daidai da na wanda hukuma ke nema, ana tsare ni a filin jirgi ko a banki. Me zan yi?

A nan ne maganar take da nauyi, kuma ba zan ce maka komai zai warware cikin sauƙi ba. A ƙarshen 2003 an kama Khaled el-Masri, ɗan ƙasar Jamus, a Masedoniya saboda sunansa ya yi kama da na wani da ake zargi da alaƙa da Alƙa'ida. Hukumar leƙen asirin Amurka ta kai shi Afganistan, ba a sake shi ba sai bayan watanni. Ko Sanata Edward Kennedy an sha dakatar da shi a filayen jiragen Amurka a 2004 saboda wani suna mai kama da nasa da ke cikin jerin waɗanda ake sa wa ido.

Abin da ya fi taimakawa, a mafi yawan lokuta, shi ne abin da ke bambanta ka da takwaranka: ranar haihuwa, wurin haihuwa da lambar fasfo. Ka tabbata an rubuta sunanka da haruffa iri ɗaya a dukkan takardunka, domin wanda ya zama Muhammad a fasfo, Mohammed a banki, ya ƙara wa kansa wahala. Amurka tana da tsarin shigar da koke da ke ba matafiyi lamba ta musamman ya riƙa sawa duk lokacin da zai sayi tikiti, amma wannan lamba tana rage tsaiko ne, ba lallai ta kawar da shi ba, kuma kowace ƙasa da nata tsarin. Idan abin ya kai ga tsarewa ko rufe asusu, ka nemi lauya, ka kuma adana kwafin duk takardar da aka ba ka.

Na ga sunan wani da na sani a labarin laifi, in tura wa mutane?

Haba! Ka duba shekarunsa da garinsa da hotonsa tukuna. Idan ba su dace ba, ka share saƙon, ka kuma sanar da wanda ya turo maka cewa ba shi ba ne.