Wai kuɗi ne ke sayen kofi a wasan hoki?

Kullum sai ka ji ana cewa ai a wasan hokin ƙanƙara na NHL, babbar gasar Amurka da Kanada, duk kulob ɗin da ya fi kuɗi shi ke cin kofi, wallahi ba haka abin yake ba. New York Rangers sun zuba daloli kan manyan 'yan wasa, amma daga 1998 zuwa 2004 kaka 7 a jere ko zagayen neman kofin gasar, wato kofin Stanley, ba su leƙa ba.

To dubi Detroit Red Wings. Eh su ma sun kashe kuɗi, amma abin da ya riƙe su shugabanci ne mai haƙuri. Ken Holland ya yi manaja daga 1997 har 2019, ba a ta canje-canje, ga masu farauto matasan 'yan wasa a Turai irin su Hakan Andersson. A zaɓen sabbin 'yan wasa da kulob-kulob ke yi duk shekara, Datsyuk fa na 171 aka ɗauke shi a 1998, Zetterberg na 210 a 1999, yaran da kowa ya tsallake! Aka yi renon su a hankali ba gaggawa.

Da aka sa iyakar albashi a 2005, dala miliyan 39 ga kowane kulob, sai ga Detroit da kofi a 2008, kuma sun yi kaka 25 a jere, daga 1991 zuwa 2016, suna shiga zagayen neman kofin.