Waiwaye: Yadda cutar ƙuna ta fito daga Amurka ta mamaye gonakin tuffa

A kwarin kogin Hudson da ke jihar New York aka fara lura da cutar a shekarar 1780. Fure da ganye su yi baƙi kamar an babbake su, su maƙale a jikin reshe, kan sabon reshe ya lanƙwashe, wani ruwa mai danƙo ya riƙa tsattsafowa daga ɓawo. Ƙwayar cutar, Erwinia amylovora, 'yar asalin Arewacin Amurka ce da ke zaune a jikin itatuwan daji. Da Turawa suka kawo tuffa da 'yar uwarta fiya ta ƙasashen sanyi, sai ta sami abin da ba shi da garkuwa.

An yi kusan shekara ɗari ana ɗora laifin a kan tsawa, ƙwari ko daskarewar ruwan jikin itace. Sai a wajajen 1880 masanin tsirrai Thomas Burrill na Illinois ya ce bakteriya ce, wani masanin, Joseph Arthur, ya tabbatar a 1885, kuma ita ce cutar tsiro ta farko da aka tabbatar bakteriya ke haddasa ta. A 1891 Merton Waite ya nuna ƙudan zuma na ɗaukar ta daga fure zuwa fure.

Ƙudan zuma dai ba sa ƙetare teku. Wannan aikin mutane ne, ta hanyar dashe, rassan aure (waɗanda ake haɗawa a kan gindin wata bishiya) da kayan dakon 'ya'yan itace. Ta bayyana a New Zealand a 1919, Ingila 1957, Masar 1964, Holan da Poland 1966, sannan Maroko 2006 da Koriya ta Kudu 2015. Tsoronta ya sa Ostareliya ta hana shigo da tuffar New Zealand tun 1921, ba ta buɗe ƙofa ba sai 2011, bayan ta sha kaye a gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya.

A cikin gona, lokacin fure ne ake yin ta ko a tsira. Ƙwayar tana kwana a gyambon ɓawo duk tsawon hunturu. Idan zafi ya haura digiri 18 a ma'aunin Celsius sai ta hayayyafa a kan fure, ruwan sama ko raɓa su gangarar da ita gindinsa, ta shige cikin reshe. Ƙanƙara da iska mai ƙarfi su ma suna buɗe mata raunuka. Yawan taki mai naitirojin yana fito da rassa masu taushi, waɗanda ta fi so.

Salon noman zamani ya ƙara mata ƙarfi. Ana dasa gajerun itatuwa a cunkushe, ana aura irin tuffar Gala ko Fuji a kan gindin tuffa masu suna M.9 da M.26, marasa juriya. Tsohuwar babbar bishiya reshe take rasawa, ƙaramar kuwa da zarar cutar ta sauka gindi ta tafi ke nan. Haka ta faru a kudu maso yammacin Michigan a 2000, inda aka ƙiyasta asarar dala miliyan 42.

Magani ma bai zama hutu ba. An fara fesa streptomycin, maganin kashe bakteriya, a shekarun 1950, amma a 1971 aka sami ƙwayoyin da ba sa jin sa a California. Feshin jan ƙarfe yana taimakawa kafin fure ya buɗe, in an makara sai ya ɓata fatar 'ya'yan. Shi ya sa har yau almakashi ke kan gaba: a datse aƙalla santimita 30 ƙasa da inda baƙin ya tsaya, domin ƙwayar takan riga alamarta nisa, a yi aikin ranar da babu damshi, a tsoma almakashin cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70 bayan kowane yanka, a fitar da rassan daga gona a ƙone. Masu sabon dashe kuwa da yawa sun koma ga gindin Geneva, wanda Jami'ar Cornell da ma'aikatar noma ta Amurka suka samar don jure cutar.