Waiwaye: Ranar da Najeriya ta wayi gari da arziki a takarda

Tun da Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bai wa ƙasashen waje a watan Janairun 2025, maganar ba ta lafa ba a Legas. A majalisun Agege da Idi-Araba, har rumfunan 'yan gwari na Mile 12, ana ta kai-komo. Wasu na cewa an yi mana yankan ƙauna, wasu na cewa ƙasa mai arzikin mai ba ta da hujjar miƙa ƙoƙon bara tun farko. Majalisar tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya don rage giɓin. Amma ana muhawarar kamar abin daga sama ya faɗo, alhali ya fi shekara goma yana tafe.

Farkon labarin sananne ne. An gano mai a Oloibiri, a yankin Neja Delta, a 1956, kuɗi suka kwararo bayan tashin farashi na 1973, gyaɗa da auduga da koko suka ja baya. Farashi ya karye, aka shiga tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, bashi ya yi katutu har ƙasashen Paris Club, masu bin Najeriya bashi, suka yafe dala biliyan 18 a 2005. A wannan tsakanin ne masu ba da tallafi suka yi kaka-gida a fannin lafiya, musamman rigakafin yara da gidan sauro da maganin HIV.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne ranar 6 ga Afrilun 2014. A ranar aka sanar da sabon lissafin girman tattalin arzikin ƙasa, bayan an daina auna shi da farashi da tsarin kasuwa na 1990, aka koma na 2010. Adadin shekarar 2013 ya tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa kusan biliyan 510, Najeriya ta zarce Afirka ta Kudu ta zama ta ɗaya a nahiyar. Aikin gyaran yana kan ka'ida, domin tsohon lissafin bai san zamanin wayar salula ba, bai san masana'antar fina-finai ba, kuma ya raina ƙananan sana'o'i. Mai sayar da katin waya a ƙarƙashin lema a Obalende, da ɗan dakon da ke sauke kwandon tumatir daga tirela da asuba, duk sun ƙara shiga ƙidaya. Kason mai a cikin tattalin arziki ya sauko daga kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa kusan kashi 14 cikin 100.

To, ko kwabo bai ƙaru a baitulmali ba a wannan rana. Mai ya ci gaba da kawo fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin kayan da ake fitarwa waje, da mafi yawan kuɗin shigar gwamnati. Harajin da ake tarawa ma, da aka gwada shi da sabon adadin, sai ya ƙara bayyana ɗan mitsitsi. Ɗan dakon nan yana biyan tikitin kasuwa kullum, amma wannan kuɗin ba shi ke sayen allurar rigakafin 'yarsa ba.

Matsalar ita ce masu tsara tallafi da adadi guda suke fara aiki: a raba abin da ƙasa ta samu da yawan mutanenta, a ga nawa ne rabon kowa. Idan rabon ya haye wani mizani, sai kyauta ta fara komawa rance, a sa wa ƙasa wa'adin yaye. Wannan ma'aunin bai damu da aljihun da kuɗin suka shiga ba, bai kuma bambanta Ikoyi, unguwar masu kuɗi ta Legas, da ƙauyen Yobe ba. Haka Najeriya ta hau layin fita daga tallafin rigakafi na ƙungiyar Gavi, aka sa 2021 a matsayin ƙarshe.

Ba a jima da sanarwar sabon lissafin ba farashin gangar mai ya fara gangarowa, daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a Janairun 2016. Tattalin arziki ya durƙushe a wannan shekarar. A 2018 Gavi ta tsawaita wa'adin zuwa 2028. A ganina wannan tsawaitawar ita ce hujja mafi ƙarfi cewa lissafin rabon kowa bai faɗi abin da asusun ƙasa zai iya ɗauka ba. Alƙawarin Abuja na 2001, na ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya, bai taɓa cika a kasafin tarayya ba, don haka babu inda za a sauke nauyin da masu tallafi za su ajiye.

Daga baya an ga ɗaya fuskar. Darajar naira ta zube tun daga 2023, kuma ko da aka sake sabunta lissafin a 2025, girman tattalin arzikin da dala bai kai rabin biliyan 510 na 2013 ba. Duk da haka sunan ƙasa mai matsakaicin samu yana nan. Duk wanda zai zauna tsara tallafi ga Najeriya yanzu, na gida ko na waje, ya kamata ya fara da tambayar nawa gwamnati ke tarawa a kan kowane mutum idan an cire kuɗin mai, sannan a lissafa kuɗin rigakafi da magani da naira, a shekarar da ganga ta faɗi zuwa dala 30.