Ma'anar "rustik" a kicin ɗin gidan gungume

Kalmar "rustik" da masu tsara cikin gida ke yawan ambata ta samo asali ne daga Latin, inda take nufin abin da ya shafi ƙauye. A bakin kafintoci da magina kuwa, salo ne da ake barin kayan gini su fito da kamanninsu na asali: katako da zanensa da kullinsa, dutse da kaushinsa, baƙin ƙarfe da alamar guduma a jikinsa. A Amurka salon ya yi suna ne tun daga gidajen hutun da attajirai suka gina a tsaunukan Adirondack na jihar New York a ƙarshen ƙarni na 19, sai kuma masaukin Old Faithful da aka buɗe a gandun dajin Yellowstone a 1904. Idan aka ƙara da cewa kicin ɗin "na maza" ne, ana nufin launuka masu duhu, katako mai kauri, mariƙai na ƙarfe ko fata, babu labule mai furanni, babu tarkacen ado. Sunan na kasuwa ne kawai, mata da yawa ma irinsa suke so.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar rustik a matsayin aikin da ba ya buƙatar kula. Gidan da aka gina da gungumen itace yana motsi, kuma wanda bai san haka ba zai yi asara. Ɗanyen gungume yana tsukewa yayin da yake bushewa, bango ya riƙa sauka a hankali har wajen santimita 6 a kowace mita ta tsayi cikin shekarun farko. Idan aka kafe kabad kai tsaye a jikin gungumen, bangon zai sauko da shi, ƙofofi su karkace, wani lokaci kabad ɗin sama ya matse tayil ɗin da ke ƙasansa har ya fashe. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su tsayar da siraran katakai a jikin bangon, su yi musu dogayen ramuka a tsaye, su ɗaura su da noti ta cikin ramukan ba tare da tamkewa sosai ba. A jikin waɗannan katakan ake rataye kabad, sai bango ya zame ta bayansu, kabad yana nan inda yake. Bututun ruwa da na hayaƙi ma a bar musu sararin wannan saukar.

Awo kuwa bai canja ba don salo ya canja. Tsayin kanta, wato teburin aikin kicin, santimita 90 ne, zurfinta 60, tsakaninta da kabad ɗin sama 45. Hanyar da mai girki ɗaya zai kai ya komo kada ta gaza santimita 105.

Wajen zaɓen katako, katakon bishiyar hikori (hickory) yana da tauri, yana jure duka. Na bishiyar fain (pine) ya fi araha amma laushi gare shi, faɗuwar cokali ma tana bar masa tabo. Wasu suna son wannan tabon, wanda ba ya so ya kauce masa tun farko. Ko wanne aka zaɓa, a tabbatar ya bushe, danshinsa ya sauka zuwa kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, in ba haka ba zai tsage da zarar an fara ɗumama ɗakin. Kanta ta katako tana da kyau a wurin yanka, amma kusa da famfo ruwa yana shiga gaɓoɓinta ta yi baƙi ta ruɓe. Nan wurin dutse ne.

Duhu shi ne babban ciwon wannan salo. Bango katako, rufi katako, kabad mai duhu, duk suna shanye haske, sai mutum ya wayi gari yana yanka albasa a cikin inuwarsa. A bar abu ɗaya mai haske, ko kanta ko daɓe, a kuma sa fitila a ƙarƙashin kabad ɗin sama. Ƙwan lantarki mai ɗumin launi, wajen kelbin 2700 zuwa 3000 a ma'aunin launin haske, shi ke fito da jan katako. Ƙwai mai haske fari fat yana mayar da katakon kamar toka.

Murhun itace, in za a sa, ƙa'idar kashe gobara ta Amurka ta ce a bar inci 36, kusan santimita 91, tsakaninsa da bangon katako, sai dai in an sa garkuwar zafi ko kamfanin murhun ya faɗi wani awon. Kuma tunda irin waɗannan gidaje a ƙasashe masu tsananin sanyi sukan zauna babu kowa duk hunturu, a sa makunnin zubar da ruwa a mafi ƙasan bututu domin kada ruwa ya daskare ya fasa shi. Buɗaɗɗiyar kantar jikin bango ta jera kwanuka tana ƙara wa ɗakin kyau, amma abinci sai a gwangwani mai murfi, don ɓera yana kutsawa ta ramin da bai wuce milimita 6 ba. Duk inda bututu ya ratsa bango a cusa masa soson ƙarfe.