Sansanin da Ɗalibi ke Zaɓar Darasinsa da Kansa: Tambayoyi da Amsoshi

Idan aka yi dogon hutu a wurinmu, abin da iyaye suka sani shi ne lesin: yaro ya koma aji ɗaya da wanda ya baro, a fara masa manhajar zango mai zuwa tun kafin zangon ya zo. A Amurka da Kanada akwai wata al'ada daban, ta sansanonin ƙara ilimi da ake buɗewa tsakanin Yuni da Agusta, inda ake tara yaran da suka ƙware ko suke da tsananin sha'awar wani fanni. Wasu daga cikinsu ba su da darasin dole ko ɗaya. Wanda ya yi fice da wannan tsari shi ne Mathcamp, kuma a kansa yawancin amsoshin nan suke.

Wane irin sansani ne Mathcamp?

Sansanin lissafi ne na mako biyar, ana kwana a can. Wani malamin lissafi, George Thomas, ya fara shi a 1993 a birnin Vancouver na Kanada. Yanzu yakan ɗauki ɗalibai wajen 120, 'yan shekara 13 zuwa 18. Ba shi da mazauni na dindindin. Harabar wata kwaleji ake ara, bana nan baɗi can, sai a 2020 da 2021 da annobar korona ta sa aka yi shi ta intanet. Masu koyarwa malaman jami'a ne da ɗaliban digiri na uku, sannan akwai tsofaffin 'yan sansanin da suka shiga jami'a, waɗanda ke dawowa su kula da ƙannensu a ɗakunan kwana.

Da gaske ne babu darasin da aka wajabta wa kowa?

Da gaske ne. Ana karatu daga Talata zuwa Asabar, a huta Lahadi da Litinin. Kowace rana akwai zama huɗu, uku da safe, ɗaya bayan abincin rana, kuma a kowane zama azuzuwa da dama ne ke gudana lokaci guda. Ɗalibi zai duba jadawali ya ga wanda ya kwanta masa, ya je ya zauna. Yawancin darussan mako ɗaya suke yi, saboda haka duk mako ana fitar da sabon jadawali, tare da ɗan bayanin da kowane malami ya rubuta a kan ajinsa: ga abin da za a yi, ga abin da ya kamata mutum ya riga ya sani, ga matsayin aikin gida, ko dole ne ko ganin dama.

Ba a ma buƙatar ya cika zaman huɗun. Wanda ya ga biyu ko uku sun ishe shi, ya bar sauran lokacin ya yi ta fama da tambayar da ta tsaya masa a wuya. Da yamma akwai wajen awa biyu da aka ware ba aji, malamai suna zaune a fili, duk mai tambaya ya jawo kujera. Daga nan sai laccar gama-gari, wadda sau da yawa baƙo ke gabatarwa. Marigayi John Conway na Jami'ar Princeton, wanda ya rasu a 2020, ya shafe shekaru yana zuwa yana zama da yaran nan.

To me ake koyarwa, in ba lissafin makaranta ba?

Kusan duk abin da ke jadawalin ba ya cikin manhajar sakandare, wani ma sai a shekarun ƙarshe na jami'a ake haɗuwa da shi. Akwai nazarin lambobi, musamman waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu. Akwai aljabara mai zurfi, da lissafin yiwuwar aukuwar abu, da dabarun ɓoye saƙo irin wanda ke tsare kuɗin mutum a manhajar banki. Akwai nazarin ƙulli, wato yadda za a tabbatar cewa ƙullin igiya biyu daban suke ba tare da an kwance su ba. Akwai ajin da ke nuna cewa abin da ba shi da iyaka ma wani ya fi wani girma, hujjar da Georg Cantor ya kawo a ƙarni na 19.

Jero sunaye ba zai nuna daɗin abin ba, bari mu leƙa aji ɗaya: lissafin zaɓe. A ce 'yan takara uku ne, A da B da C, masu zaɓe kuma sun kasu gida uku daidai wa daida. Gida na farko sun fi son A, sai B, sai C. Na biyu sun fi son B, sai C, sai A. Na uku sun fi son C, sai A, sai B. In aka kara A da B, gida biyu na bayan A, ya ci. In aka kara B da C, gida biyu na bayan B. Hankali zai ce tunda A ya kayar da B, B ya kayar da C, ai A ne gwani. Amma a kara A da C a gani: gida na biyu da na uku duk sun fifita C a kan A. Kowa ya ci, kowa ya sha kaye, kuma babu wanda ya yi maguɗi. Wani Bafaranshe, Condorcet, ya bayyana wannan tun 1785, daga baya Kenneth Arrow ya tabbatar a 1951 cewa in 'yan takara sun kai uku, babu tsarin jera su da zai cika dukkan wasu 'yan sharuɗɗan adalci da ya gindaya a lokaci guda. Yaro ɗan shekara 15 zai iya bin wannan da biro da takarda, ba ya buƙatar komai sai haƙuri.

Haka labarin gadoji bakwai na garin Königsberg, wanda yanzu ake kira Kaliningrad a Rasha. Shin mutum zai iya ratsa kowace gada sau ɗaya tak ba maimaici? Leonhard Euler ya nuna a 1736 cewa ba zai yiwu ba, domin yankuna huɗun garin kowanne adadin gadojinsa mara ne, ba cika ba. Daga wannan 'yar tambaya aka samu fannin da yau ake tsara hanyoyin sadarwa da shi.

Yaya yaro zai gane ajin da ya fi ƙarfinsa?

Da barkono. Kowane aji ana manna masa hoton barkono a jadawali, daga ɗaya zuwa huɗu. Mai ɗaya a hankali ake tafiya, ana tsayawa ana waiwaye. Mai huɗu gudu ake yi irin na ajin manyan ɗaliban jami'a, wanda ya yi ƙyafta ido an bar shi a baya. Alamar tana nuna saurin tafiya da nauyin aikin, ba darajar darasin ba, kuma ba a raba yara gida-gida a ce wannan ɗan barkono ɗaya ne, wancan ɗan huɗu. Yaro ɗaya zai iya shiga mai huɗu da safe a fannin da ya saba da shi, ya koma mai ɗaya da rana a fannin da bai taɓa ji ba.

Kowane ɗalibi kuma yana da malami mai ba shi shawara, wanda suke duba jadawalin tare. Shawara ce, ba umarni ba.

In aka sakar wa yara mara haka, ba za su gudu daga masu wuya su tattaru a masu sauƙi ba?

Wannan ce tambayar da kowane uba zai fara yi, kuma tana da hujja. Sai dai a duba dalilin da ke sa yaro gudun darasi mai wuya a makaranta: maki. Wanda ya san sakamakonsa zai je gida, a kwatanta shi da ɗan maƙwabta, dole ya nemi inda zai ci cikin sauƙi. A Mathcamp babu jarrabawa, babu maki, babu na ɗaya babu na ƙarshe. Wanda ya shiga ajin barkono huɗu ya fito bai gane rabinsa ba, babu abin da ya yi asara sai awa ɗaya, kuma gobe yana da damar komawa ko ya sauya.

A ganina nan asirin yake, ba a yawan darussan ba. Zaɓi da maki ba sa shan inuwa ɗaya. In ka ba yaro zaɓi alhali kana riƙe da jan biro, ba darasi zai zaɓa ba, malamin da ba ya kayarwa zai nema. Kuma kada a manta, yaran nan ba tsinto su aka yi a hanya ba, sun sha wuyar shiga. Matsalar da ta fi yawa a irinsu ita ce akasin abin da ake tsoro: zari. Yaro ya ɗebo masu huɗu-huɗu don kada a raina shi, mako bai ƙare ba ya galabaita.

Duk sansanonin haka suke?

A'a, wasu ma gaba ɗaya sun saɓa. Shirin Ross, wanda Arnold Ross ya kafa a 1957 a Jami'ar Notre Dame kafin ya koma Jami'ar Jihar Ohio a 1964, fanni ɗaya yake ɗora wa duk sabon shiga: nazarin lambobi, mako shida, lacca da safe sannan a wuni ana warware tambayoyi. Takensu shi ne a zurfafa tunani a kan abubuwa masu sauƙi. PROMYS na Jami'ar Boston, da aka fara a 1989, sawun Ross ya bi.

Cibiyar yara masu hazaƙa ta Jami'ar Johns Hopkins, wadda Julian Stanley ya kafa a 1979, ta tsaya a tsakiya. Jerin darussanta na da faɗi, daga rubutu zuwa kimiyya zuwa mandiƙi, wato ilimin kafa hujja, amma tun daga gida ɗalibi ke zaɓar guda ɗaya, ya zauna a kansa mako uku, wajen awa bakwai a rana. A jihar North Carolina kuma akwai Makarantar Gwamna, wadda aka buɗe a 1963 zamanin Gwamna Terry Sanford, ta farko irinta a ƙasar. Can ɗalibi yana da fanninsa na musamman, yana da azuzuwan da kowa ke shiga, sannan ga zaurukan tattaunawa na ganin dama a gefe.

Wanne ya fi?

Ya danganta da yaron, amma ba zan fake da wannan in yi shiru ba. Mako ɗaya ba ya isa a ƙware a komai. Ɗalibin Mathcamp zai iya fitowa ya ɗanɗani fanni goma sha biyar, ya iya kiran sunayensu, bai riƙe ko ɗaya da kyau ba, alhali ɗan Ross ya nutsa a guda har ya ji ƙasa. Masu Mathcamp sun san da haka, shi ya sa suke sa wasu darussan ginshiƙi a makonnin farko, waɗanda na gaba ke ginuwa a kansu, suna kuma ba da damar ɗalibi ya ɗauki wani aiki na bincike tare da malami har ƙarshen sansanin.

Ga yaron da ya riga ya san abin da yake so, zurfin ya fi masa. Ga wanda duk saninsa da lissafi shi ne abin da ke fitowa a jarrabawa, wanda bai san akwai lissafin ƙulli ko na zaɓe a duniya ba, faɗin ya fi masa amfani nesa ba kusa ba. Kuma irin wannan yaron ya fi yawa.

An ce har jadawalin ma ɗalibai ke tsarawa?

Na mako na biyar. Malamai kan kawo jerin darussan da za su iya bayarwa, ɗalibai su ma su roƙi abin da suke so, sai a kaɗa ƙuri'a. Wanda ya samu jama'a ya shiga jadawali.

Yaro daga Najeriya ko Nijar zai iya nema?

Zai iya, suna karɓar ɗalibai daga ƙasashen waje. Babbar ƙofar ita ce wasu 'yan tambayoyi da suke wallafawa a shafinsu a farkon shekara. Ba a zauren jarrabawa ake yin su ba, a gida ne, mutum na da makonni, kuma abin da ake dubawa shi ne yadda ya kafa hujja, ba amsar ƙarshe kawai ba. Ba a sa ran a warware su duka. Ana haɗawa da ɗan bayanin kai. Da Turanci ake komai, wanda hakan ƙarin nauyi ne ga ɗan Nijar da ya yi karatu da Faransanci.

Kuɗin ya kai dubban daloli, ko da yake ana ba da tallafi gwargwadon halin iyali. Sai biza da kuɗin jirgi. Akwai kuma karon lokaci: sansanin kan fara ne wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, lokacin da yawancin makarantun Najeriya ke tsakiyar zango na uku, jarrabawar ƙarin aji na tafe. Duk mai niyya sai ya fara zama da shugaban makaranta, ya kuma tambayi masu sansanin batun abinci da wurin sallah tun da wuri. Wanda hanyar ta yi wa nisa, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a Abuja tana shirya gasar lissafi ta 'yan sakandare, daga nan ake tace masu wakiltar Najeriya a gasar duniya. Tambayoyin Mathcamp na shekarun baya ma suna nan a intanet kyauta.

Masu shirya lesin hutu a nan za su iya kwaikwayon wani abu?

Abin da ya fi tsada a tsarin shi ne malamai, domin zaɓi ba ya yiwuwa sai da aƙalla aji biyu a lokaci guda. Sauran kuwa alli ne da allo. Makarantar da ke da malamai huɗu a lokacin hutu za ta iya barin safiya ga shirin WAEC da JAMB, tunda shi iyaye suka biya wa kuɗi, ta ware awa ɗaya bayan azahar. Kowane malami ya kawo abin da yake ƙauna wanda manhaja ba ta ba shi fili ba, ya rubuta layi uku a kansa, ya zana barkononsa a gefe, a manna a ƙofar ofis ranar Litinin. Ɗaliban jami'a da ke gida suna hutu za su iya ɗaukar aji ɗaya-ɗaya. Sharaɗi biyu ne ba za a taɓa ba: kada a ba da maki a wannan awar, kuma yaron da ya shiga aji ranar farko ya ga bai yi masa ba, a bar shi ya koma na kusa washegari ba tare da an tambaye shi dalili ba.