St. James Infirmary: waƙar da ba a san mai ita ba, amma wani ya ci kuɗinta

Wai wace waƙa ce wannan?

Tsohuwar waƙa ce ta Amurka, daga cikin waɗanda ake cewa na gargajiya, da ta shiga hannun masu kiɗan jaz ta zama tasu. Wanda ya fi fito da ita duniya shi ne Louis Armstrong, mai busa kakakin nan ɗan New Orleans, da ya ɗauke ta a faifai a Chicago a watan Disamban 1928. Shi ne dai wanda ya zo Accra a 1956, ya kuma zo Najeriya a 1960, to ba baƙo ba ne sosai a wannan yankin namu.

Me ake faɗa a cikinta?

Nan ne abin ya ke da ɗaure kai. Wani mutum ne ya je asibitin St. James, wanda shi ne ma'anar sunan waƙar, ya tarar da masoyiyarsa kwance kan dogon farin tebur, ta riga ta cika, jikin ya yi sanyi. Kana tsammanin zai fashe da kuka, a'a, sai ya yi mata addu'a a gurguje ya ce ko ina za ta zagaya ba za ta samu namiji irinsa ba. Daga nan kuma sai ya manta da gawar gaba ɗaya ya koma tsara jana'izar kansa, wai in ya mutu a sa masa kwat mai kyau da hular Stetson, a maƙala masa tsabar zinare ta dala 20 a sarƙar agogonsa don abokan caca su san bai mutu a tsiyace ba. A wasu baitukan har cewa ya ke 'yan caca su ɗauki makararsa. Mu da muka saba da likkafani fari ƙal ba aljihu, wallahi sai ka ji abin banbarakwai, amma ni a ganina wannan cika bakin shi ne kukan nasa, mutum ne da bai iya kuka ba sai ya fake da fankama.

To waye ya rubuta ta?

Babu. Ko kuma mu ce kowa. Kamar waƙoƙin gaɗa ne na 'yan mata a dandali, wa zai ce ga wadda ta fara? Tun kafin Armstrong ana rera ta da sunan Gambler's Blues, Fess Williams ya ɗauke ta a 1927, kuma a shekarar ne marubuci Carl Sandburg ya sa ta a littafinsa na waƙoƙin jama'a, The American Songbag. A faifan Armstrong sunan makaɗi Don Redman aka buga a matsayin marubucinta. Can sai ga wani suna ya fara bayyana, Joe Primrose, wanda babu shi a duniya, sunan ɓoye ne na Irving Mills, ɗan kasuwar waƙa kuma manajan shahararren makaɗin jaz Duke Ellington. Tura ta kai bango har kotu a New York kan wa ke da ikon amfani da sunan waƙar, kuma a 1932 babbar kotun jihar ta ƙi ba kamfanin Mills wannan ikon shi kaɗai. Duk da haka sunan Primrose ya ci gaba da liƙewa a faifai shekara da shekaru.

An ce asalinta daga Ingila ne, gaskiya ne?

Haka aka daɗe ana faɗa, cewa jikar wata tsohuwar waƙar Birtaniya ce, The Unfortunate Rake, ta wani saurayi da ciwon sanyi ya kwantar har ya ke ba da wasiyyar yadda za a binne shi. Waƙar kaboyi ta Streets of Laredo ma daga wannan gidan ta fito. An kuma yi wani asibitin kutare mai suna St. James a Landan, wanda Sarki Henry na 8 ya karɓe filinsa wajen 1532 ya gina fada. Sai dai masu bincike irin su Robert Harwood sun ce dangantakar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, batun wasiyyar jana'iza ne kawai ya yi kama.

Yaya mutane suka karɓe ta?

Hannu bibbiyu. Mawaƙin jaz Cab Calloway ya ɗauka a 1930, sannan a 1933 aka sa muryarsa a katun ɗin Betty Boop mai suna Snow-White, inda aka ɗauki rawarsa a fim aka bi motsinsa ana zanawa, ya koma fatalwa mai dogayen ƙafafu, abin tsoro abin dariya. Bobby Bland ya yi tasa a 1961, Joe Cocker a 1972, The White Stripes a 1999, har Hugh Laurie na shirin House ya buɗe albam ɗinsa da ita a 2011. Bob Dylan ma ya jingina waƙarsa ta Blind Willie McTell a kan karinta.

Wacce zan fara saurara?

Ta Armstrong ta 1928. Ka lura da yadda makaɗan ke ja a hankali kamar masu rakiyar gawa, sannan shi ya shigo yana rera maganar mutuwa kamar da 'yar dariya a muryarsa. In ka gama sai ka nemi katun ɗin Calloway, yana nan a YouTube.